Fachi: Garin Gishiri da Dabino a Tsakiyar Tenere, da Zumuncinsa da Gonakin Arewacin Kano

Da wuya a sami mutumin da ya tashi a ƙauyukan arewacin Kano, wajen Bichi da Ɗambatta da Kunchi da Makoɗa, wanda bai san kantun gishiri ba. Ana ganinsa a kasuwa jingine a rumfa, launinsa na ƙasa, siffarsa kamar turmin da aka kife. Mai shanu ya saya ya fasa wa dabbobinsa, mai doki ya saya, har tsohuwa mai tunkiyar turka takan sayi gutsure. In an tambayi sunansa sai a ce balma ne. Amma ba kowa ya san Balma sunan gari ne ba, balle a ce ya san ɗan ƙaramin garin da ayari ke fara yada zango a cikinsa kafin ya kai Balma, watau Fachi. Abin da wannan takarda ta nufa shi ne ta bayyana abin da matafiyi kan tarar in ya je wannan gari, ta kuma nuna yadda aka yi garin da ba ya noma abincinsa ya rayu ɗaruruwan shekaru da geron ƙasar Hausa.

Inda garin yake

Fachi yana cikin Jamhuriyar Nijar, a jihar Agadas, tsakiyar hamadar nan da Buzaye ke kira Tenere. Ana rubuta sunan bisa rubutun Faransanci, a baki kuwa Fashi ake cewa. Mutanen garin, waɗanda galibinsu Barebari ne tare da Tubawa kaɗan, Agram suke kiransa, kuma sunan dutsen da garin ke kwance a gindinsa ke nan. Daga Agadas zuwa can kimanin mil 250 ne ta gabas, daga can zuwa Balma kuma kimanin mil 100. Duk tsakanin nan babu gari. Ƙidayar da aka yi a Nijar cikin 2012 ta sami mutanensa dubu biyu da 'yan kai, abin da bai kai yawan mutanen wata unguwa guda ta Bichi ba.

Ruwan sama a wannan yanki labari ne. A Balma abin da kan zuba a shekara, in an daidaita, ba ya cika inci guda, wata shekarar ma ko ɗigo ba a gani, alhali ƙasar Kano takan sami wajen inci 30. To, abin da ya zaunar da mutane a wurin shi ne ruwan ƙarƙashin ƙasa, wanda a gindin dutsen Agram ya matso kusa da bisa. Inda ya fito da daɗi aka haƙa rijiyoyi, dabino ya kafa saiwa. Inda ya biyo ta ƙasa mai gishiri kuwa aka haƙa ramukan gishiri. Waɗannan biyu, dabino da gishiri, su ne dukiyar garin duka.

Hanya

Mutumin Kano da ya nufi Fachi yakan bi ta Ɗambatta da Kazaure da Daura, ya ƙetare iyaka a Kwangwalam, ya shiga Damagaram. Daga nan ya miƙe arewa ta Tanut, cikin ƙasar Damargu, inda gonakin gero ke ƙarewa, har ya isa Agadas. Wannan tafiya mil ɗari huɗu ce da wani abu, amma duk da nisanta share fage ce kurum, gama daga Agadas ne aiki ke somawa.

Hanyar asali ita ce ta ayarin raƙuma, wanda Abzinawa ke kira taglamt. Ayarin kan tashi bayan damina, wajen watan Oktoba, lokacin da raƙuma suka ƙoshi da ɗanyar ciyawa, zafi kuma ya fara sauƙi. Kafin a tashi sai an yi kwanaki ana yankan ciyawa ana ɗaurewa dami dami, domin a cikin Tenere babu abin da raƙumi zai sa a baka. Kowane raƙumi yana ɗauke da abincinsa bisa kayan ciniki, ana kuma ajiye wasu dammunan a hanya saboda komowa. Itacen wuta ma daga gida ake ɗaukarsa, ruwa kuwa a salka.

Shugaban tafiya madugu ake ce masa, kalmar Hausa ce, amma da ita Buzaye ke kiransa. Shi ya san taurari, ya san yadda tuddan rairayi ke kwanciya, ya san inda inuwar mutum ya kamata ta faɗi a kowane sa'i na yini. In ya kuskure rijiya da 'yar tazara kaɗan, ran mutane da na dabbobi duk yana cikin haɗari, saboda haka ba a yi masa gardama a hanya. Akan tashi da sassafe, a yi ta tafiya har dare ya raba, sa'a goma sha biyar ko fiye, ba tsayawa. Ana tafe ake dama gari da cuku da dabino a sha, ana tafe ake dafa shayi a ɗan kasko mai garwashi a miƙa wa na bisa raƙumi. Dalili kuwa shi ne raƙuman a jere suke, igiyar kowane ɗaure da na gabansa, in aka tsaya sai su cakuɗe, kaya su zube, a yi hasarar lokacin da ruwan salka ba zai jira ba.

A wannan hanya akwai wurin da ya shahara ƙwarai, inda a da wata itaciya ƙwaya ɗaya tak take tsaye, babu wata kusa da ita sai an yi tafiyar kwanaki. Da aka haƙa rijiya a gefenta cikin 1938 zuwa 1939, sai aka tarar saiwarta ta nutsa ƙafa ɗari da 'yan kai tana neman ruwa. Ayari bayan ayari sun wuce ta, ba wanda ya taɓa karya reshenta ya hura wuta. Cikin 1973 wata babbar mota ta banke ta. Gangar jikinta tana gidan adana kayan tarihi na Yamai, a gurbinta kuma an kafa wata ta ƙarfe. Daga nan zuwa Fachi sai rairayi tsantsa na kwanaki.

Yau ana zuwa da ƙananan motoci masu ƙarfin shiga rairayi, abin da raƙumi ke yi a mako su yi shi cikin kwana biyu. Amma hamada ba ta sake hali ba. Cikin 2017 mutum 44 suka mutu da ƙishirwa a arewacin Nijar bayan motarsu ta lalace. Ban da wannan kuma akwai 'yan fashi, shi ya sa matafiya kan haɗu su bi rakiyar soja. Mai hankali ba ya shiga Tenere da mota ɗaya, ba ya kuma shiga ba tare da ɗan ƙasa wanda ya san hanya ba.

Abin da baƙo ke fara gani

Bayan kwanaki ido bai ga kome ba sai fari da shuɗi, abin da ke fara bayyana shi ne baƙin layin dutsen Agram, sa'an nan duhun dabinai a gindinsa. Ayari ba ya shiga cikin gari. A waje yake sauka, a fili, a sauke kaya, a jera dammunan ciyawa su zama kariya daga iska, a kai raƙuma rijiya. Kafin a gama wannan, yara da mata sun fito da ƙananan kwanduna na dabino, an soma gaishe-gaishe. Bahaushe ba ya rasa abokin magana a nan, domin tsakanin Babarbaren Fachi da Buzun Abzin, sau da yawa da Hausa ake ciniki.

Tsohon garin da ƙasar gishiri aka gina shi. Ƙasar wurin in ta bushe takan yi tauri kamar dutse, ba ta da abokin gaba sai ruwan sama, shi kuwa ba ya zuwa sai nadiran. Ran da ya zo da ƙarfi kuwa, abin da manomin Kano zai yi wa godiya shi ne masifa a nan, gama bango narkewa yake yi. Lungunan garin matsattsu ne, masu karkace-karkace, ƙofofin gidaje gajeru, sai an sunkuya. Wani Bature ɗan ƙasar Sikotlan, Angus Buchanan, wanda ya tashi daga Kano cikin 1922 ya bi ayarin gishiri har Fachi da Balma, ya yi mamakin wannan gini ƙwarai, ya kuwa ba da labarinsa a littafin da ya buga cikin 1926.

Abin da ya fi kome jan hankalin baƙo shi ne wata babbar ganuwa mai kusurwa huɗu da ke cikin garin, wadda ake kira dada. Bangonta dogo ne, da hasumiya a kusurwoyinta, a ciki kuma akwai rijiya da rumbunan ƙasa masu yawa a jere. A zamanin hare-hare, in aka hango ƙurar mahara, duk gari sai a ɗunguma a shige ciki a rufe ƙofa. Yanzu ba a amfani da ita. Amma wanda ya tsaya ya dubi rumbunan nan zai gane abin da mutanen Fachi suka fi jin tsoron rasawa. Gishiri yana nan a rami, ba mai iya kwashe shi duka. Dabino in an sace na bana, na baɗi zai fito. Gero kuwa in ya tafi, babu inda za a sami wani sai ayari ya komo. Don haka abin da aka gina wa ganuwa hatsi ne.

Garin ya daɗe yana shan hannun masu ƙarfi. A da yana ƙarƙashin Barno, har labarin yaƙe-yaƙen Mai Idris Aloma, na ƙarni na 16, ya ambaci hawansa zuwa Agram. Wajen tsakiyar ƙarni na 18 Abzinawa suka rinjayi Barno a wannan yanki, cinikin gishiri ya koma hannunsu. Faransawa kuma suka kafa bariki a Balma cikin 1906.

Gishiri da dabino

Ramukan gishiri suna bayan gari, tsakanin tarin ƙasar da aka yi shekaru ana haƙowa. Kowane rami da mai shi, ana gadonsa kamar yadda ake gadon gona. Akan haƙa har a tarar da ruwan gishiri, a bar shi ga rana. In rana ta yi aikinta, sai ɓawon gishiri ya taru a bisa ruwan. Mai aiki ya bi yana farfasa ɓawon don ya nutse, ruwan ya sami hanyar ci gaba da ƙafewa, har gishiri ya taru a ƙasan ramin a kwashe. Da bazara aka fi yin wannan aiki, lokacin da rana ta fi zafi, mutum yana tsaye cikin ruwan da ke cin ƙafa. Ba aikin rago ba ne.

Tsantsar ƙwayar gishirin, fara, ita ce beza, ta miya. Sauran kuwa akan kwaɓa shi da ƙasar gishiri, a zuba cikin kututturen dabino da aka fafe, a kife a ƙasa ya bushe. Wannan shi ne kantu, na dabbobi, nauyinsa kilo 20 ko fiye. Akwai kuma ƙanana masu faɗi da ake zubawa a ƙwarya ko kwano. Raƙumi mai ƙarfi kan ɗauki kantu huɗu zuwa shida, a naɗe cikin tabarmar kaba don kada su karye, gama kantun da ya karye ya rage daraja a kasuwa.

Dabino kuwa ba a yi masa ban ruwa, saiwarsa ke kai kanta ga ruwa. Aikinsa shi ne barbara, watau a hau a sa furen namiji cikin na mace, sa'an nan tsaro, sa'an nan girbi, wanda kan zo daf da isowar ayari. Akwai 'yan lambuna da ake ba ruwa da jigo, amma abin da suke bayarwa na miya ne da ciyawar awaki, ba ya ciyar da gari.

Ciniki

Ayari ba ya daɗewa, kwana kaɗan ne, domin kowace rana ciyawar raƙuma raguwa take yi. Cikin 'yan kwanakin nan ake yin cinikin da gari zai rayu da shi wata da watanni. Buzaye sun zo da gero, da cuku, da busasshen nama, da busasshen tumatir da albasa na lambunan Abzin, da tufafi, da shayi da sukari. Asalin cinikin musaya ne, mudu da mudu, gero da dabino, ko da yake kuɗi sun daɗe da shigowa, musamman wajen gishiri. Farashi yana bin damina. Shekarar da aka yi albarka a ƙasar Hausa, gero kan zo da yawa ya yi araha. Shekarar fari kuwa raƙuma kan mutu ko su rame, ayari ya ƙanƙance, kantu ya taru a bakin rami babu mai ɗauka. Watau mutumin Fachi, wanda hadari bai taɓa yi masa amfani a garinsa ba, kullum kunnensa yana ga labarin damina a Damargu da Katsina da Kano.

Galibin fatake kowa yana da amininsa a gari, abota ce da ake gada daga kakanni. Shi ke tanadar masa gishiri, shi ke ɗaga masa ƙafa in bana bai zo da abin kirki ba. Wani masani, Peter Fuchs, ya zauna da mutanen Fachi ya rubuta littafi a kansu cikin 1983, ya sa masa suna da Jamusanci mai ma'anar abincin hamada.

Ɗaya bakin igiyar

In ayari ya koma Abzin aka huta, sai a sake ɗaura kaya a nufo kudu, a iso ƙasar Hausa da sanyin hunturu, bayan an gama girbi. Wannan zuwa ya tsufa ƙwarai. Tarihin Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Yakubu, wanda aka lissafa sarautarsa daga 1452 zuwa 1463, Abzinawa suka zo Gobir, gishiri ya yawaita a ƙasar Hausa. Heinrich Barth ma, wanda aka sani da Abdulkarim, tare da ayarin gishirin Kel Ewe ya gangaro daga Abzin a ƙarshen 1850, ya shiga Kano cikin Fabrairu 1851.

A nan ne labarin ya komo gida. Ƙasar da ke kewaye da birnin Kano tana cikin wuraren da mutane suka fi cunkushewa a karkarar Afirka ta Yamma. Binciken da Michael Mortimore ya yi a shekarun 1960 ya nuna yanki ne mai fiye da mutum 350 a kowane mil murabba'i, kusan duk inda ido ya kai gona ce, babu saura, babu hutu. Gonar da ake nomawa kowace shekara kuwa ba ta tsayawa sai da taki. Shi ya sa manomi ke tara takin awaki da tumaki a gida, yana kai shi gona da mangala, na kusa da birni kuma suna ɗebo shara da jakuna. Shi ya sa kuma zuwan Buzaye da rani ya zama abin maraba. Mai gona kan sauke su a gonarsa, raƙuma su yi kiwon kara da ganyen gawo da 'ya'yansa, su kwana a wurin suna zuba taki, shi kuma ya ba baƙinsa hatsi ko abinci. Su bi kasuwanni suna sayar da kantu da dabino, su sayi gero, su sayi baƙin turkuɗi na Kura wanda suke naɗa rawani da shi, kafin ruwa ya sauka su juya arewa.

In an duba da kyau sai a ga abin zobe ne. Gishirin hamada ya gyara dabbar manomi, dabba ta ba gona taki, gona ta ba da gero, geron ya hau raƙumi ya ƙetare Tenere ya shiga rumbun mai ramin gishiri. Cuɗe ni in cuɗe ka ke nan, tsakanin mutanen da galibinsu ba su taɓa ganin juna ba.

Zumuncin bai tsaya ga kaya kaɗai ba. Mutane da yawa da asalinsu ke haɗe da Abzinawa sun zauna a ƙauyukan Kano da Katsina, har da ƙasar Bichi, suka zama Hausawa. Daga cikinsu Agalawa da Tokarawa suka fito, waɗanda suka shahara da fataucin goro zuwa Gwanja. Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu cikin 1955, Ba'agale ne.

Abin da ya sake

Rahotannin Faransawa na farkon ƙarni na 20 sun ambaci ayarin da ya kai raƙumi dubu ashirin. Tun daga lokacin abubuwa suka yi ta cin ayari. Jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, gishirin Turawa ya shigo ya karɓe tukunyar miya, ya bar wa na hamada turken dabbobi. Yaƙin Kawusan na 1916 zuwa 1917 ya halaka raƙuman Abzin masu yawa. Farin 1973 da na 1984 suka sake karkashe su. Tawayen Abzinawa na 1990 zuwa 1995, da na 2007 zuwa 2009, ya tsorata hanya. Manyan motoci suka shiga ɗaukar gishirin Balma. Da aka gano zinariya a Jado cikin 2014, samari da yawa suka ga abin da ya fi jan raƙumi saurin kawo kuɗi. Rufe iyakar Nijeriya da Nijar bayan juyin mulkin Yuli 2023, har zuwa Maris 2024, ya sake nuna yadda hukuncin da aka yanke a nesa kan taɓa mudun hatsi a arewa.

Duk da haka ayari bai mutu ba, sai dai ya ragu, galibinsa kuma a kasuwannin kudancin Nijar yake sauke kaya, 'yan kasuwa su ƙaraso da kantu Kano a mota. Fachi ya fi Balma dogara ga raƙumi, domin babbar hanyar motoci zuwa Dirku ta bi ta arewa da shi, tuddan rairayin da suka kewaye shi kuwa ba sa yarda da mota mai nauyi. Abin da ya kiyaye tsohuwar sana'arsa shi ne kuma abin da ya sa shi cikin haɗari, gama ran da Buzu ya ga jan ayari ba ya biyansa, babu tabbacin mai mota zai ratse hanya saboda gari mai mutum dubu biyu.

An ce tafiya mabuɗin ilimi. Abin da Bakano zai koyo a Fachi, bayan ya sha rana da ƙishirwa, shi ne ba baƙon wuri ya je ba. In mai masaukinsa ya kawo masa akushi, tuwon gero zai tarar a ciki, ba kuwa abin mamaki ba ne a ce kakan mai masaukin ya ci geron gonar kakansa.